SDK Ya Tashi: Jagorar Masu Cigiya

Duk wanda ya taɓa neman gida da kwatancen baki ya san dawar garin. A ce maka bi layin nan, wuce mai shayi, sha kwana daidai inda akuya take ɗaure, gida na uku mai jan ƙyaure. Ka isa ka tarar mai shayi ya koma tasha, akuya an yanka ta tun sunan bara, ƙyaure kuma ya sha shuɗin fenti. Mutumin da kake nema ma ya tashi, bai yi wa maƙwabta sallama ba. In ka taɓa shan wannan wahalar ba ka zagi kowa ba, to kana da rabin ilimin rubuta takardar gini. Sauran rabin zan ba ka yanzu, kyauta, ladan na iyaye.

Bari mu fara sanin wanda ake cigiya. SDK akwatin kayan aiki ne da mai tsarin kwamfuta ko na waya yake miƙa wa masu ƙera manhaja. A ciki akwai fayilolin kanu masu bayyana sunayen ayyuka, akwai laburaren kod da aka riga aka haɗa, wani lokaci har da kwamfaila, wanda ni nake kira tafinta, tunda aikinsa juya abin da ka rubuta zuwa yaren inji. Takardar gini kuwa, ko Makefile ce, ko ta CMake, ko ta Gradle, ko 'yar takardar bash da wani ya rubuta da tsakar dare, 'yar aike ce. Tana zuwa wurin tafinta ta ce ga kod, ga inda kaya suke, a haɗa mana manhaja. Duk rigimar duniya tana kan wannan “ga inda kaya suke”.

Shawara ta farko ta mai tsoron a sallame shi daga aiki ce. Ka rubuta adireshin SDK da hannunka a tsakiyar takardar gini, kuma ka tabbata sunanka ya fito a ciki, kamar /Users/sunanka/Library/Android/sdk. Ka maimaita shi a wuri bakwai, biyu daga ciki da ɗan bambancin rubutu. Daga ranar, manhajar kamfani ba za ta sake ginuwa ba sai a kan cinyarka. Ba mai korarka, ba kuma mai ba ka hutu. Ranar ɗaurin aurenka, ana shirin shafa fatiha, waya za ta yi ƙara a ce gini ya tsaya. In sabon ɗauka ya zo da ƙorafi, ka juya masa allonka ka faɗi maganar da ta raba zumunci da yawa a wannan sana'a: “Ai a wajena tana aiki.” Ba ƙarya ka yi ba. Rijiyar gidanku ma tana ba da ruwa, ga wanda yake gidanku.

Sai dai ko a kan cinyar taka, SDK ba mazauni ba ne. Ɗauki na Apple. Shekara da shekaru Xcode yana zaune a bakin titi, a /Developer, kayansa kuma a /Developer/SDKs. Ko yaro ka aika zai kai. Takardun gini ba adadi suka haddace adireshin kamar karatun allo. A Fabrairun 2012 aka fitar da Xcode 4.3, aka wayi gari gidan duka ya kwashe ya shige cikin Xcode.app. Sabon adireshin, ka ja numfashi tukuna, shi ne /Applications/Xcode.app/Contents/Developer/Platforms/MacOSX.platform/Developer/SDKs. Ka lura Developer sau biyu ya fito, kamar gida mai zaure biyu iri ɗaya da aka gina don a wahalar da baƙo. Tunda kuma Xcode ya zama manhaja kamar kowace, mai kwamfuta yana iya sauya masa suna, ko ya ajiye biyu gefe da gefe, na aiki da na gwaji mai suna Xcode-beta.app. Wani ma bai sauke Xcode ba sam, don nauyinsa gigabait ne masu yawa, data kuwa ba a rijiya ake jan ta ba. Ƙananan kayan aikin baƙin allo kawai ya girka, su kuma unguwarsu daban, /Library/Developer/CommandLineTools.

Masu wayo suka ce su ba ruwansu da wannan yawon, ai fayilolin kanu suna /usr/include, inda suke a dangin Unix tun kaka da kakanni. A 2018, da zuwan macOS Mojave da Xcode 10, aka daina zuba su a wurin. Tafintan Apple ya san sabon gidan, amma wanda ka sauko da shi daga waje, ko takardar da ta rantse da /usr/include, sai ka ba su 'yar manhajar gaisuwa mai layi biyar su ce ba su ga stdio.h ba. Kamar mai fura ce ta ce ba ta taɓa jin labarin gero ba. An bar wata 'yar ƙunshiya da in ka girka ta take mayar da fayilolin, mutane suka yi ta ba juna sunanta kamar laƙanin kunama. Da Catalina ta zo a 2019, ita ma aka ɗauke ta. A 2020 kuma Big Sur ta kwashe laburaren tsarin daga inda ake ganinsu, ta dunƙule su a ma'ajiya guda. Takardar da ta saba leƙa /usr/lib ta ga fayil da idonta kafin ta yarda sai ta dawo ta ce babu, alhali in ka kira laburaren zai amsa. Maigidan yana ciki, takalminsa ne ba ya ƙofa.

Shawara ta biyu ta wanda ya ɗan waye ce. Ya gane bai kamata ya rubuta lambar siga da hannu ba, sai ya ce wa takarda ta jera sunayen SDK da ke folda ta ɗauki na ƙarshe, ai shi ne sabo. Dabarar ta yi shekaru tana ci. A 2014 Yosemite ta zo da lamba 10.10. Kwamfuta in tana jera sunaye harafi take bi, ba ƙirga take ba, don haka a wurinta 10.10 yana gaban 10.9 a layi, tunda 1 ya riga 9. Takarda ta ɗauko tsohon SDK ta miƙa wa tafinta tana murmushi. Ba jan rubutu, ba ƙorafi. Irin wannan ya fi tsayawar gini muni, don sai bayan sati uku za ka fara tambayar me ya sa sabon aikin da littafi ya ce yana nan, tafinta ya ce bai san shi ba.

Lambobin siga dai ba su da alƙawari. Wanda ya ɗauka kowace macOS da 10 take farawa, Big Sur ta zo masa da 11, har kamfanin ya tanadi wata ƙaryar sulhu: tsofaffin manhajoji in sun tambaya, sai a ce musu 10.16 ce, don kada hankalinsu ya tashi. Wanda ya ɗauka daga 15 sai 16, a 2025 aka tsallaka da shi zuwa 26. Java ta yi shekaru tana kiran kanta 1.6, 1.7, 1.8, takardu suka koyi yar da ɗayan farko su ɗauki abin da ke bayan ɗigo. A Satumbar 2017 ta ce ita 9 ce kawai, ta kuma kwashe tools.jar da rt.jar da ake gane gidanta da su. Python ta fi ba ni dariya. Mutane suna yanko haruffa uku na farkon lambarta, 3.8, 3.9, lafiya lau. A Oktobar 2021 aka fitar da 3.10, almakashi ya yanko 3.1, takarda ta tafi neman sigar da aka fitar tun 2009. Maganin ba wuya: ka tsinka lambar a kan kowane ɗigo, ka gwada gida da gida a matsayin ƙidaya. CMake yana da VERSION_GREATER don haka, a baƙin allo kuma akwai sort -V, in ban da cewa tsofaffin Mac, inda ka fi bukatarsa, nasu sort ɗin bai san -V ba.

Yanzu ga shawarar da nake so ka riƙe, ko da ka watsar da sauran. Da ɗan gari akan ci gari. Kowane kamfani da ke yawo da SDK ya ajiye dillalin da ya san inda aka koma, aikinka ka san dillalin. A Mac, xcode-select -p zai gaya maka wane Xcode ne ke kan karaga a yanzu. xcrun --sdk macosx --show-sdk-path zai ba ka adireshin SDK cikakke, ka miƙa wa tafinta ta hanyar -isysroot, ka koma ka sha shayinka. Ka riƙa ambata masa sunan wanda kake nema, macosx ko iphoneos ko iphonesimulator, kada ka ce masa “wancan mutumin” ka bar shi da zaɓi. In kana da Xcode biyu kana son gini ɗaya ya bi na gwajin, ba sai ka yi juyin mulki a kwamfuta duka ba. Akwai allon sanarwa da kowace manhaja ke dubawa in ta tashi aiki. Ka rubuta DEVELOPER_DIR a kai da adireshin wanda kake so, dillali zai bi. Amma dillalan ma 'yan adam ne. Tsohon xcrun bai san tambayar --show-sdk-path ba, sai dai ka bi ta xcodebuild -version -sdk macosx Path. Shi kuma xcodebuild, in ƙananan kayan baƙin allo kaɗai ke kwamfutar, cewa zai yi sai an kawo masa Xcode cikakke kafin ya buɗe baki. Ɗaya kurma ne a tsohuwar unguwa, ɗaya bebe a sabuwa, don haka ka tambayi na farko, in ya yi shiru ka juya ga na biyu.

In ka ƙetara gidan Microsoft, ka fara da koyon sunaye, don mutum ɗaya ne da suna biyar. Visual Studio 2017 sunan da ake kiransa a kasuwa ke nan. Sunan yanka 15. Kayan aikinsa v141, foldarsu tana farawa da 14.1, tafintan kuma in ka tambaye shi sai ya ce shi 19.1 da wani abu ne. Na 2013 lambarsa 12, na 2015 lambarsa 14. Kada ka nemi 13, ba a haife shi ba. Har zuwa na 2015 neman gidan da sauƙi: akwai VS140COMNTOOLS a allon sanarwa, daga nan ka ja da baya taku biyu ka shiga VC, ga vcvarsall.bat yana jiranka. A 2017 aka ba mutum damar girka Visual Studio da yawa, kowanne inda ya ga dama, aka mayar da vcvarsall.bat can ƙurya, VC\Auxiliary\Build. Wanda ya ƙara ɗaya a kan lissafi ya nemi VS150COMNTOOLS sai ya tarar ba ya bayyana sai an riga an buɗe baƙin allon Visual Studio ɗin. Wato sai ka shiga gidan sannan a ba ka kwatancensa.

Dillalin wannan unguwa sunansa vswhere.exe, kuma tun siga 15.2 yana da rumfa tabbatacciya a Program Files (x86)\Microsoft Visual Studio\Installer. E, na sani. Maganin rubuta adireshi da hannu ya zama rubuta adireshi da hannu, amma guda ɗaya, na wanda aka yi alƙawarin ba zai tashi ba. Ya zuwa yanzu ya cika: da Visual Studio 2022 ya zama mai bit 64 ya koma Program Files tsura, dillali yana nan a tsohuwar rumfarsa. Ka ce masa -latest -property installationPath. Kada ka manta da -products *, domin in ba haka ba, a injin da aka girka Build Tools kaɗai, kamar yawancin injinan ginin kamfanoni, zai dube ka ido cikin ido ya ce ba kowa a gidan. SDK na Windows kansa yana wata unguwar, Windows Kits\10, kuma na Windows 11 ma a nan yake haya, da lamba 10.0.22000.0. Kada ka wahalar da kanka da haɗa adireshinsa. Ka kira vcvarsall.bat ya cika maka INCLUDE da LIB, aikinsa ke nan. Wanda kuma ya rubuta a takardarsa cewa v143 ba zai taɓa wuce 14.39 ba, a 2024 siga 17.10 ta kawo 14.40, sunan v143 bai motsa ba.

Tunda mun ambaci Program Files, akwai fili tsakanin kalmomin biyu, kuma filin nan ya ci mutane. Adireshin da ba ka rufe da alamar zance ba, takarda za ta karanta shi ta tsaya a C:\Program ta ce babu wannan gida. Bakan da ke kewaye da x86 kuma, in ya faɗo cikin sharaɗin if na takardar bat, yana iya rufe sharaɗin tun ba a gama magana ba. Ka rufe kowane adireshi, ko da na gidan ubanka ne.

Android nasa salon daban: ba ya yawan tashi, sunan unguwar yake sauyawa. Da ANDROID_HOME ake rubutawa a allon sanarwa. Aka ce ya tsufa, a koma ANDROID_SDK_ROOT. Mutane suka bi. Bayan 'yan shekaru aka ce shi ma ya tsufa, a dawo ANDROID_HOME, kamar mai sakin da ya yi kome kafin idda ta cika. Mai hankali yakan rubuta duka biyun, amma su nuna gida ɗaya, don in sun saɓa, sababbin kayan Gradle na Android tsayawa suke su ce a fara sasanta su. Gidan asali ma ya danganta da gari: a Mac Library/Android/sdk, a Linux Android/Sdk da babban S, kuma Linux ba ya yafe bambancin babban harafi da ƙarami. Akwai kuma fayil ɗin local.properties mai ɗauke da sdk.dir. Wannan kamar buroshin haƙori yake, kowa da nasa. Wanda ya tura nasa cikin ma'ajiyar kod ta jama'a, shawarata ta farko ya bi ta ƙofar baya.

Ƙaninsa NDK, na masu rubuta C da C++, da a ndk-bundle yake shi kaɗai, duk sabuntawa ta murƙushe na da. Yanzu kowace siga da ɗakinta a ƙarƙashin ndk, kai kuma ka rubuta ndkVersion a takardar Gradle ka ce wannan nake so. Ka rubuta ɗin. Dalili kuwa, a 2018 NDK r18 ya sallami GCC ya bar Clang, kuma tsofaffin kayan Gradle suka tashi suna kukan ba su ga foldar mips64el-linux-android ba, ta wani nau'in inji da yawancin masu kukan ba su taɓa gina masa komai ba. Maganin kirki shi ne sabunta kayan Gradle zuwa 3.1 ko sama. Maganin da ya bazu kuwa shi ne a ƙirƙiri folda da wannan suna, ba komai a ciki. An gina kango don mai karɓar haraji ya gani ya wuce, kuma ya wuce ɗin.

To in za ka rubuta takardar da za ta yi shekara biyar ba ta kunyata ka ba, ga yadda nake jera tawa. Ta fara duba ko mai kwamfuta ya faɗi inda kaya suke, ta SDKROOT ko ANDROID_HOME ko JAVA_HOME; in ya faɗa, ta bi, ko da ta ga kamar ya yi kuskure, don shi ya san abin da ya binne a gidansa. In bai faɗa ba, ta tambayi dillali. In babu dillali, sannan ta zaga tsofaffin unguwanni tana ƙwanƙwasawa, kuma kada ta yarda da ganin ƙofa, ta nemi wani fayil da ta san lallai yana cikin SDK na gaske. In duk ba ta samu ba, ta tsaya cak, ta faɗi inda da inda ta duba da abin da mutum zai rubuta ya taimake ta. Takardar da ta rasa SDK ta ci gaba da adireshi wayam, ita ce 'yar aiken da aka ba kuɗin nama, ta tarar mahauci ya tashi, ta dawo ta ɗora tukunya ba ta ce komai ba. Ko ta samu ma, ta buga adireshin da lambar sigar a layin farko. Ranar da gini ya lalace, layin nan za ka fara nema.

Wani abu da ke sa mutum zargin aljanu: ka gyara komai, ka sabunta Xcode, CMake ya nace sai tsohon SDK da aka riga aka goge. Ba aljanu ba ne. Ya rubuta adireshin a CMakeCache.txt tun ginin farko, ƙarƙashin CMAKE_OSX_SYSROOT, kuma ba ya sake tambaya. Goge fayil ɗin, ko foldar ginin duka, ya fita cigiya sabuwa.

A wani wurin da na taɓa aiki na gaji wata takardar gini da ta ga zamani. Duk wanda ya riƙe ta ya ƙara nasa kwatancen a kan na magabata, ba wanda ya share na wani. Can sama akwai sharaɗin da ke duba /Developer/SDKs, gidan da aka rushe tun 2012, a kansa wani bawan Allah ya rubuta: kada ka taɓa. Wata ranar Alhamis da yamma na ga ba kowa a ofis, na goge sharaɗin duka, ina jin kaina gwarzo. Gini ya tsaya. Ashe reshen “in ba a samu ba” na wannan sharaɗin shi ne kaɗai wurin da ake kiran xcrun. Shekara da shekaru takardar sai ta je kangon ta yi sallama, ba a amsa ba, sannan take tuna akwai dillali. Gyaran na minti biyar ne, amma magariba ta gabato, kuma gobe Juma'a. Na mayar da layukan yadda na same su, a ƙarƙashin gargaɗin na ƙara nawa: ni ma na gwada.